Jawabin Maraba ga Mai Girma Gwamna Daga Likitoci Masu Bincike na Asibitinmu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai girma Gwamna, Allah ya taimake ka. Wakilin Mai martaba Sarki, Allah ya ja zamanin Sarki. Kwamishinan Lafiya da sauran 'yan tawaga, shugaban asibiti, malamanmu manyan likitoci, ma'aikatan jinya da ungozoma, iyayenmu mata, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum warahmatullah.

Ranka ya daɗe, sannu da zuwa, sannu da hanya. Tun ranar da takardar ziyararka ta iso ake shara da fenti a asibitin nan, har gindin darbejiyoyin bakin ƙofa sai da aka shafa wa farar ƙasa. Ba za mu ɓata maka lokaci da lissafa ayyukanka ba. Wanda ya zo nan a mota ta kan aikinka ya biyo, wanda ya zo a ƙasa ma ya gani da idonsa. Abin da ya fi faranta mana rai shi ne ka taso da kanka duk da tarin aikin da ke gabanka, ka ga kuwa zuwa da kai ya fi saƙo.

Kwamitin da ya tsara wannan jawabi ya sha ja-in-ja a kan ko a bar roƙo sai ƙarshe kamar yadda aka saba. Daga baya dattawan cikinmu suka ce a fara da shi, kada tafi da ɗaukar hoto su cinye shi. To ga shi, ranka ya daɗe: muna roƙon wutar sola mai batura, wadda ba ta yankewa dare ko rana, a ɗakin da muke ajiye jinin marasa lafiya domin bincike. Duk abin da za ka ji bayan wannan, dalili ne muke kawowa.

Allah ya taimake ka, wannan yanki namu ba baƙo ba ne a littattafan likitocin zuciya na duniya, sai dai ba ta ƙofar daɗi muka shiga ba. Akwai ciwon da ke kama mace a ƙarshen goyon ciki ko a watannin farko na jego. Zuciya ta saki, ta buɗe, ta kasa tura jini. Sai ka ga mai jego da ƙafafu kamar turame, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a zaune, ga jariri a gefe yana neman nono. A Amurka ana samun mace ɗaya cikin haihuwa 1,000 zuwa 4,000. A nan kuwa, tun shekarun 1970 likitoci biyu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, suka bi mata 224 masu wannan ciwo, suka wallafa sakamakon a 1978, kuma lissafin da duniya ta riƙe daga Zariya shi ne kusan mace ɗaya cikin ɗari. A wancan lokaci an ɗora laifin a kan al'adunmu na jego: wankan tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da kunun kanwa. Shekara kusan arba'in ɗalibin likita a Landan ko Bombai in ya ji sunan Hausawa a aji, to a kan kunun kanwa ya ji shi.

'Ya'yan ƙasar nan ne suka sake buɗe maganar. Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranci binciken da aka sa wa suna PEACE, aka tattara mata 406 daga cibiyoyi 22 a faɗin Najeriya, aka wallafa a 2020. Shiyyarmu ta Arewa maso Yamma ce ta fi kowa yawan masu ciwon, mace ɗaya cikin haihuwa 96. Amma da aka auna abubuwan da ke tafiya da ciwon, sai ga rama, ga rashin zuwa makaranta, ga rashin abin yi, ga hawan jinin goyon ciki. Wankan jego da kunun kanwa ba su fito a matsayin masu laifin da aka daɗe ana zato ba. (Iyayenmu mata da ke nan kada su ce likitoci sun halatta a ƙara kanwa, gishiri dai gishiri ne ga zuciyar da ta gaji.) Da aka ci gaba da bibiyar matan, kusan ɗaya cikin biyar ta rasu kafin shekara biyu.

Akwai wani zare kuma da aka fara ja daga Yamai a 1992, inda likitoci suka gano cewa jinin irin waɗannan mata yana da ƙarancin wani sinadari, seleniyam, wanda jiki ke samu daga abinci gwargwadon yadda yake a cikin ƙasar noma. A Kano ma an auna, an sami haka. An ma gwada ba wasu matan ƙwayar sinadarin na wata uku, an ga alamun sauƙi, kodayake gwajin ƙarami ne, yana neman a maimaita shi da mata da yawa. Wa zai maimaita? Matan a ɗakunan kwanciyarmu suke. Amma auna irin waɗannan sinadarai ba aikin rana ɗaya ba ne. Sai an ɗebi jini yau, an ɗeba bayan wata shida, an ɗeba bayan shekara, an ajiye duka a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, sannan a auna su tare. Firizar nan muna da ita, ranka ya daɗe. Wutar da za ta riƙe ta ce ba mu da ita.

Ba a zuciya kaɗai aka ji muryar Arewa ba. A Kano da Kaduna aka yi gwajin SPRING a kan yara 220 masu amosanin jini waɗanda na'ura ta nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ƙaramin awo na maganin haidiroksiyuriya yana kare su kamar yadda matsakaicin awo ke yi, ba sai an dogara da ƙarin jini kowane wata ba, abin da talaka ba zai iya ba. A 2023 gwajin E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, ya bi mata fiye da 200,000 a asibitoci 80 na ƙasashe huɗu. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a ga yawan jinin da ya zuba da ido, a haɗa magunguna a ba ta lokaci guda, sai mummunan zubar jini da abin da ke biyo bayansa suka ragu da kashi 60 cikin ɗari. Haka ma hawan jini: gwajin CREOLE na 2019, ƙarƙashin Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja, ya auna mutum 728 a ƙasashen Afirka shida ya nuna cewa haɗin magani biyu da ke da amlodifin a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata. Yau duk likitan da ya rubuta wa wani tsoho magani a ɗakin duba marasa lafiya na nan asibitin, da wannan sakamako yake aiki.

Muna alfahari da su, 'yan uwanmu ne, wasunsu ma su suka koyar da mu. Amma ba za mu ɓoye maka ba, akwai ɗaci a ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk lokacin da masu shirya irin waɗannan gwaje-gwaje suka zo neman cibiyar da za su sa a ciki, suna yaba yawan marasa lafiyarmu, suna yaba takardunmu. Daga nan sai su ce a kai su ɗakin ajiya. A jikin ƙofar firiza akwai takardar da ake rubuta sanyinta safe da yamma. Su ɗauke ta, su bi ta da yatsa, su ga ranakun da lamba ta hau, su mayar da ita cikin ladabi. Shi ke nan. Ba su sake kiran waya.

Bari mu ba ka labarin dare ɗaya a bazarar da ta wuce. Wuta ta ɗauke tun la'asar. Janareta ya yi aiki har man dizal ya ƙare, ragowar da ke tanki kuma aka ce a bar wa ɗakin tiyata, kuma gaskiya ce, mu ma da mu ne haka za mu yanke. Ma'aikacin ɗakin gwajinmu, wanda ya riga ya mayar da tabarmarsa gefen firizar tun farkon zafi, ya ji ta fara ƙara irin ta kukan agaji. Ya hau babur da jarka ya bi gidajen mai, ya dawo hannu rabbana. Ya sayi ƙanƙara wurin masu sayar da ruwan leda ya jera a kai, alhali shi ma ya san ƙanƙara ba ta kai ko kusa da sanyin da ake so ba. Da asuba lambar da ke jikin ƙofar ta ba mu amsa. Ranar nan muka kwashe kwalaben jini na watanni muka kai wurin ƙonawa.

Ba kwalaben ne suka sa mu kuka ba, ranka ya daɗe. Ka san tarihin ƙasar nan. Ka san abin da ya faru a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau, da wani kamfanin waje ya gwada magani a kan yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu, shari'a ta yi shekaru. Har yau in ka ce wa magidanci “bincike”, sai ya gyara zama. Kafin mace ɗaya ta miƙa mana hannu a ɗebi jininta, sai mun zauna da ita, mun zauna da maigidanta, wani lokaci har da uwar mijin, mun karanta musu takardar yarda da Hausa, mun ce ba dole, kuma ko ta ƙi za a ci gaba da ba ta magani. Akwai wadda ta ce mana, tana jingine da matashi uku saboda haki, a ɗiba in dai zai hana 'yarta shiga abin da ta shiga. Amana ce ta ba mu. Jininta na cikin waɗanda muka ƙona, kuma har yau ba mu sami bakin da za mu gaya mata ba.

Likitocinmu na ciwon sukari ma sun ce kada a manta da su, su ma wutar nan suke jira. Duniya ta yi nisa a fanninsu. Maganin dafagiliflozin da aka ƙera don sukari, gwajin 2019 ya nuna yana rage taɓarɓarewar ciwon zuciya da mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ko da mutum ba shi da sukari. Mu a nan tambayarmu ta fi wannan kusa da ƙasa. Yaro mai allurar insulin a ƙauyen da ba firji, ina zai ajiye ta? A 2021 Jami'ar Janeba da ƙungiyar likitoci ta MSF sun nuna, bisa zafin da suka auna a sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, cewa insulin da aka buɗe yana riƙe ƙarfinsa har mako huɗu a zafin digiri 25 zuwa 37. Madalla. Amma a watan Afrilu a garin nan zafi na wuce 40, balle a ɗaki mai rufin kwano. Marasa lafiyarmu suna sa kwalbar a leda su ajiye a gindin randa, cikin jiƙaƙƙen yashi. Yana yi? Har kwana nawa? Yaya kuma da azumi in ya faɗo a bazara? Ba wanda zai taso daga Turai ya auna mana gindin randa. Mu za mu auna, kuma ba a aunawa ba tare da firjin da za a kwatanta da shi ba, wanda sanyinsa bai taɓa yankewa ba.

Akwai ƙananan buƙatu, za mu ambata su a gurguje tunda an ce mu rubuta. Na'urar hoton zuciya ɗaya ce gare mu, mai jego kan jira makonni kafin layi ya zo kanta. Da za a sami ƙarama ta hannu da za a riƙa zagayawa da ita ɗakin haihuwa, da an gano da yawa tun kafin ƙafa ta kumbura. Muna kuma roƙon a riƙa sakin matasan likitocinmu su je ƙaro ilimi da albashinsu, bisa alƙawarin dawowa, don waɗanda suka gaji da jira Saudiyya da Ingila suke nufa, ba sa waiwaye.

Amma in aka ce mu zaɓi ɗaya, ranka ya daɗe, mun riga mun zaɓa. Faifan sola a saman rufin, batura da inbata a ƙasa, layi na musamman zuwa ɗaki guda, da ɗan tanadin gyara a kasafin kowace shekara don kada ya zama irin kayan da ake yanke wa ƙyalle a manta. Injiniyoyin asibiti sun auna rufin, sun yi lissafi, takardar tana cikin koren fayil ɗin da shugaban asibiti zai miƙa maka yanzu. Shafi biyu ne kacal, da gangan muka taƙaita.

Allah ya ƙara wa Mai girma Gwamna lafiya da nisan kwana, ya mayar da kai gida lafiya da kai da tawagarka. A jadawalin ziyara an rubuta cewa daga nan ɗakin yara za ka nufa. Muna neman alfarmar minti biyar kafin nan. Ɗakin ajiyar yana hannun hagu in an sauka daga matakala, ƙofa ta biyu. Ba mu yi masa fenti ba, kuma mun ce wa ma'aikacin nan ya bar tabarmarsa inda take.

Wassalamu alaikum warahmatullah.

Kwamitin tarbar baƙi, a madadin likitoci da ma'aikatan ɗakin bincike.