Katin taba na ƴan wasa mata da na samo a kasuwar Portobello

Assalamu alaikum jama'a, yau Asabar ina Portobello Road a Landan, wajen masu sayar da kayan da, kuma ga abin da ya tsayar da ni, bari in matso da kyamara ku gani da kyau. Wannan ɗan katin tsawonsa bai wuce santimita 7 ba, a cikin kwalin taba ake saka shi. Asali don kwalin ya yi ƙwari ne kar sigarin ya karye, sai kamfanoni a Amurka wajen shekarun 1880, irin su Duke da Allen & Ginter, suka ce to ai sai mu buga hoto a kai mutane su riƙa tarawa. Hotunan ƴan wasan dandamali mata kuwa suna cikin waɗanda aka fi bugawa.

Wannan na hannuna na Ogden's ne, kamfanin Libaful, na tabarsu mai suna Guinea Gold, wajen 1900. Hoto ne na gaske baƙi da fari ba zane ba. Ku dubi yadda aka tsayar da ƴar wasan don Allah, kafaɗa ta kalli gefe fuska ta juyo amma ba kai tsaye take kallonka ba, idon ya ɗan wuce ka, hannu ɗaya a kan kujera ɗayan ya riƙe gefen riga, ga hula da gashin tsuntsu da ta cike saman katin har ba a bar fili ba. Bayanta kuma labule ne da aka zana lambu a jiki, irin dai na masu hoton studiyo a gida lokacin sallah. Haske daga gefe guda yake zuwa, shi ya sa rabin fuskar ya yi fari tas rabin ya shiga inuwa, wallahi wannan inuwar ce ta ba fuskar rai a wuri ƙarami haka.

To kalli ƙasa. Sunanta ƙanana, sunan taba a ƙasansa. Idonka zai fara daga hula, ya sauko fuska, ya bi rigar, sai ya dire a kan sunan kamfani, ba yadda za ka yi ka kauce masa. Da gangan aka tsara shi haka, kuma abin yana damuna gaskiya, kyan mace aka ɗauka ana tallan abin da ke cinye huhun mutane, yara ma suna bin manya suna roƙon katin. Tun a lokacin akwai masu ƙorafi, shi kansa tsoho Washington Duke, wanda ya kafa kamfanin Duke, a 1894 ya rubuta wa ɗansa wasiƙa kan a daina saka hotunan da suka saɓa wa kunya.

Yanzu ga na biyu, na kamfanin John Player na Nottingham, jerin taurarin fim na 1934, kati 50 ne saitin. Kun ga bambanci? Babu kujera babu labule babu ƙafa, fuska ce kawai ta cika katin, da launi, leɓe ja gira siririya, baya kuma fili ba komai. Silima ce ta kawo wannan, mutane sun saba ganin fuska ƙatuwa a majigi, ba kamar gidan wasa da kake hango mutum tun daga kai har ƙafa ba. A bayan katin akwai ɗan tarihinta, kuma a lokacin ana sayar da albam ɗin liƙawa a kan peni ɗaya.

Ni dai na Ogden's ya fi kama ni, saboda akwai abin kallo a kowane lungu, har kalmasar riga ana gani. A 1940 yaƙi ya kawo ƙarancin takarda a Ingila aka daina buga su. Mai son ganin na Amurka da yawa, tarin Jefferson Burdick yana gidan tarihi na Metropolitan a New York. Bari in tambayi baban nan nawa zai bar min guda biyun.