Waƙa ɗaya, rerawa uku: Coco da kiɗan Meziko

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

A 2013 kamfanin Disney ya nemi a yi masa rajistar sunan bikin tunawa da mamata na ƙasar Meziko, ya zama tambarin kasuwancinsa. Bikin da ake yi ranakun 1 da 2 ga Nuwamba tun kaka da kakanni fa! Mutane suka yi masa caa, ya janye ba shiri. Daga baya Lalo Alcaraz, mai zanen barkwancin da ya yi musu kaca-kaca, shi aka ɗauko ya zama mai ba da shawara. Fim ɗin da ya fito bayan wannan dambarwa shi ne Coco na Pixar, kamfanin fina-finan zane mallakin Disney, a 2017, kuma a Meziko aka fara haska shi kafin Amurka.

Labarin Miguel ne, yaro ɗan shekara 12 a gidan masu ɗinkin takalma, gidan da aka haramta kiɗa tun ranar da kakan kakansa ya rataya gita ya bar mata da 'ya. Duk wanda ya taso a gidan da ake cewa "ɗanmu ba zai zama maroƙi ba", ai ba sai an yi masa tafinta ba.

An zuba al'ada son rai: furanni ruwan lemo da ake shimfiɗa wa mamata hanya, teburin hotunan magabata, har da "La Llorona", tsohuwar waƙar gargajiya ta can. Masu zanen ma bidiyon makaɗa na gaske suka ɗauka, don yatsun Miguel su riƙa sauka inda ya kamata a kan tsirkiya.

Amma ni a ganina, ƙashin bayan fim ɗin waƙa ɗaya ce, "Remember Me", wadda ta ci kyautar Oscar a 2018. Da farko za ku ji ta a bakin Ernesto de la Cruz, tauraron da aka ƙera bisa siffar su Pedro Infante da Jorge Negrete, shahararrun mawaƙa kuma 'yan fim na Meziko a da, cikin ƙaho da fitilu da 'yan rawa, ana ta tafi. A nan waƙar ta koma ta mutum mai yi wa kansa kirari. Can gaba sai asiri ya tonu: satar ta ya yi. Asalinta waƙar reno ce, wadda uba mai shirin tafiya, wato kakan kakan Miguel ɗin nan, ya yi wa 'yarsa Coco, a hankali, da gita kawai.

Karo na uku, 'yar nan ta zama tsohuwa tukuf, gigin tsufa ya shafe mata sunayen 'yan gidan. Miguel ya durƙusa a gefenta yana rerawa, murya na rawa. Kakarsa, wadda ta taɓa farfasa masa gita da hannunta, tana tsaye ta yi shiru, sai ga leɓen mahaifiyarta ya fara motsi, tana bin baitin.