Daga Bakin Tanderu Zuwa Teburin Mai Shayi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan burodi ne, da gidajen da ake gasa shi a nan Sakkwato, da kuma waɗanda doka ta ɗora wa alhakin duba tsaftarsu.

A birnin Shehu burodi ya daɗe da fita daga sahun kayan marmari. Shi ne karin kumallon ɗan makaranta, shi lebura ke tsomawa a shayi kafin ya hau gini, shi ake riƙowa in za a gaishe da marar lafiya a asibiti. Daga Mabera zuwa Arkilla, daga Runjin Sambo zuwa Gawon Nama, da wuya mutum ya yi nisa bai ci karo da teburin mai shayi ba. Sai dai akwai abin da ya raba burodi da sauran cefane. Tumatir za a wanke shi, nama zai sake shiga wuta, shinkafa sai ta tafasa. Burodi kuwa yadda ya zo hannunka haka zai wuce cikinka.

In ka tayar da maganar tsafta a gaban mai gidan burodi, amsarsa a shirye take: ai wuta ta kashe komai. Yana da gaskiya, amma rabinta. Zafin tanderu yakan kai digiri 200 ko fiye, tsakiyar burodin kuma takan kusan kai zafin tafasar ruwa, don haka akasarin ƙwayoyin cutar da suka shiga kwaɓi a nan suke mutuwa. Burodin da aka zaro yanzun nan daga wuta yana cikin abinci mafi tsafta da ake samu a gari. Matsalar tana farawa ne daga wannan minti zuwa gaba, kuma nan ne idon mai bincike bai cika kaiwa ba.

Mu leƙa irin gidan da ba a kula da shi, wajen ƙarfe uku na dare. Ba duka gidajen ne haka ba, akwai waɗanda za ka shiga ka ji daɗi, amma wanda ya san sana'ar ya san irin wannan ba baƙo ba ne. Ɗakin ya ɗauki zafi, samari sun tuɓe riguna, zufa na bin ƙirjinsu. Ana kife gwangwanaye, burodi na zuba a kan tabarma ko buhunan da aka shimfiɗa a ƙasa, a daidai inda ake takawa da silifas. Yaron da zai sa a leda ya ɗauko sabuwar leda, ta manne, ta ƙi buɗewa. Sai ya lashi yatsa ya murza bakinta, ko ya kai ta baki ya hura, ta kumbura, ya zura burodi, ya ɗaure, ya ɗauki ta gaba. Haka zai yi har asuba. Ba mugunta ba ce, sauri yake, don ga masu babura can a ƙofa suna jiran kaya. Amma likitoci sun san cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na ɗauke da wata ƙwayar cuta a hancinsa ba tare da ya ji ciwon komai ba, ƙwayar da in ta samu abinci ta hayayyafa takan haddasa amai da gudawa. In yaron yana mura, to abin da ke bakinsa ya shiga ledar ke nan. Haka batun taifod da wani nau'in ciwon hanta: hanyarsu ita ce hannun da ya fito daga banɗaki bai ga sabulu ba. Akwai ma wanda zai warke daga taifod amma ya ci gaba da ɗauke da ƙwayar yana rabawa. Dalilin da ya sa ake buƙatar a riƙa gwada lafiyar masu taɓa abinci lokaci-lokaci ke nan, ba don a cika fayil da takarda ba.

Saurin nan yana da wata illar. Burodin da aka ɗaure da zafinsa yakan yi gumi a cikin leda, danshin kuma shi ne abin da funfuna ke nema. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ba ya ɗaukar lokaci kafin ɗigo-ɗigon kore da baƙi su fito. Akwai kuma burodin da za ka ɓara ka ga cikinsa na yauƙi yana jan zare, da wani wari mai kama da na kankanar da ta wuce nuna. Wannan aikin wata ƙwayar ce mai kulle kanta ta tsallake zafin wuta, ta farfaɗo in burodi ya daɗe cikin ɗumi. Inda take samun mafaka shi ne injin kwaɓin da ba a kankare shi, da tebur mai tsohon kwaɓi maƙale a tsagoginsa. Wanda ya ga irin wannan burodi, kada ya yanke gefen ya ci sauran. A zubar.

Sai ruwa. Kowa a garin nan ya san yadda unguwanni da dama suka dogara da 'yan ga-ruwa. Gidan burodin da ke sayen ruwa jarka-jarka, da kwaɓi zai fara, wanke hannu da gwangwani kuma sai abin da ya rage. Bokiti ɗaya ne a bakin ƙofa, kowa na tsoma hannu tun magariba. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da kwalara ta kama mutum sama da dubu 100 a Najeriya, jiharmu na cikin waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu. Ɗakin ajiya ma abin dubawa ne. Buhun fulawa a kan siminti, jingine da bango, gayyata ce ga ɓera, kuma ta fitsari da kashin ɓera ne zazzaɓin Lassa ke shiga abinci. Wani kuma garin neman gira ya rasa ido: don ya kori ɓera da kyankyaso, sai ya yayyafa fiya-fiya a ɗakin da fulawa da sukari suke.

Akwai abin da ake zubawa da gangan, wanda shi ba ruwansa da sakaci. Sinadarin fotasiyam buromet yana sa kwaɓi ya tashi, burodi ya kumbura ya cika ido da fulawa kaɗan. Tun a 1999 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ka iya jawo kansa, an kuma san yana yi wa ƙoda illa. Haramtacce ne a burodi a ƙasar nan, kuma manya daga cikin masu sauraro za su tuna yaƙin da hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wato NAFDAC, ta yi da shi a zamanin marigayiya Farfesa Dora Akunyili. Akwai madadinsa da aka amince da su, har da sinadarin bitamin C. Haka shi ma sakarin, wanda wasu ke sawa a maimakon sukari, ƙa'idar burodi ta ƙasa ba ta yarda da shi ba. Waɗannan biyun ba a gane su da ido, sai an ɗauki burodi an kai ɗakin gwaji.

Kada kuma mu yi wa masu sana'ar rashin adalci. Mafi yawan alkamar da ake niƙa fulawa da ita daga waje ake shigo da ita. Yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a 2022 ya tayar da farashinta, cire tallafin mai da faɗuwar Naira a 2023 suka ƙara dagula lissafi. Sukari, bota, yis, leda, itace, man janareto, babu wanda ya tsaya inda yake. Mai gidan burodi na tsakanin mai saye da ba ya son ƙarin farashi da ɗan kasuwar fulawa da ba ya ragi. Mun ji wannan. Sai dai yawancin gyaran da muke magana a kai ba tsadar fulawa ce ta hana shi ba. Katakon ɗora buhu, da kantar shanya burodi mai tsayi daga ƙasa, da raga a taga, da bokiti mai famfo da sabulu a ƙofar ɗakin aiki, da riga da hula ga ma'aikata, duka ba su kai kuɗin buhunan fulawar da matsakaicin gida ke kwaɓawa a dare ɗaya ba.

To wa ke da alhakin dubawa? Mutane da yawa na zaton aikin NAFDAC ne ita kaɗai. Hukumar, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa burodi rajista, ta duba wurin aiki kafin ta ba da lamba, ta kuma gwada abin da ke ciki. Amma ba ta da ma'aikatan da za su shiga kowane lungu na ƙananan hukumomi 23 na jihar nan. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ambaci gidajen burodi da sunansu, tare da gidajen abinci, cikin wuraren da ƙaramar hukuma ce ke sa ido a kansu. Wato a cikin birni, nauyin yana wuyan Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu, da Wamakko da maƙwabtansu a inda gari ya shiga ƙasarsu. Ma'aikatansu na wannan fanni su ne jami'an lafiyar muhalli, waɗanda har gobe muke kira duba-gari.

Dattawa na ba da labarin duba-garin da can, yadda jin ya shigo unguwa kan sa mata su ruga su wanke randa su share tsakar gida. Ba muna kewar tsoratarwa ba ne, don zamanin yana da nasa zaluncin. Abin da ya ɓace shi ne zuwan ba-zata, da leƙa cikin randar. A yau ziyarar, inda ake yin ta, takan faɗo da hantsi, lokacin da wuta ta mutu, an share ɗaki, ma'aikatan dare na barci, burodi kuma ya riga ya kai Kware da Bodinga. Jami'i ya zauna da manaja, ya ga takardar rajista, ya yanki rasit, a gaisa a rabu. Abin da aka duba takarda ce. Wani lokacin ma jami'in ba shi da abin hawa, sai mai gidan burodin ne zai sa masa mai a babur. Wanda aka ciyar kuwa, bakinsa kan yi nauyi.

Mu a nan ba sai an aro mana misali daga nesa ba. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci a kasuwa, sai ya cusa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa alhali saman busasshe ne. Ya tambaye shi me ya sa bai fito da jiƙaƙƙen sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Bai tsaya ga abin da aka jera masa a sama ba. A gidan burodi, cikin tsibin shi ne ƙarfe uku na dare, da ɗakin ajiya, da bayan injin kwaɓi, da banɗakin ma'aikata.

Don haka ra'ayinmu shi ne a sauya lokacin binciken kafin a sauya komai. Duba-gari ya je da dare, ba sanarwa, su biyu ko uku, da abin hawan hukuma. A raba mai duba tsafta da mai karɓar kuɗin shiga, domin muddin mutum ɗaya ne ke riƙe da rasit da takardar bincike, to rasit ne zai yi nasara. Wanda aka samu da gazawa a rubuta masa abin da zai gyara, a ba shi wa'adi, a dawo a gani. Rufe gida ya zama na wanda ya yi kunnen ƙashi, ko wanda gwaji ya kama da buromet. Sakamakon kuma a manna shi a ƙofar shago inda mai saye zai gani, don gidan da ya kashe kuɗi ya gyara ya ci moriyar gyaransa. Ƙungiyar masu gidajen burodi ta fi kowa sanin wa ke aiki a ɓoye ba rajista, kuma su ne wannan ɓoyayyen ke karya wa kasuwa. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Binciken kuma ya bi burodin har inda ya sauka. A duba akwatin da ake ɗaura shi a bayan babur, wanda ƙurar hunturu ke cikawa. A duba teburin mai shayi, inda wuƙa ɗaya ke yanka burodi da albasa, hannu ɗaya ke karɓar kuɗi yana fasa ƙwai. A tambayi ina kwantan da aka mayar wa gidan burodi yake zuwa, don akwai zargin da ya daɗe cewa wani yakan dawo kasuwa cikin sabuwar leda. Kai ma mai saye, juya ledar ka duba: ya kamata ka ga sunan gidan da adireshinsa, da lambar NAFDAC, da ranar da aka yi shi da ranar da zai daina amfani. Burodin da ya zo a farar leda ba suna, in ya ɓata wa ɗanka ciki, ba ka da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa shiga hannunsu kai tsaye. Tun daga lokacin ake ta muhawara a kan yadda za a aiwatar, amma ko da a ce sisi bai ƙaru ba, akwai tambayoyin da kowane shugaban ƙaramar hukuma zai iya aika wa sashen lafiyarsa gobe da safe. Gidajen burodi nawa ne a yankinmu? Nawa ne ke da rajista? Yaushe rabon da jami'inmu ya shiga ɗaya daga cikinsu lokacin da wuta ke ci? Filin nan a buɗe yake ga duk shugaban da ya samu amsa, za mu karanta wa jama'a ita yadda ta zo.