Fam-akshin a filin gasa: bindigar ce ke cijewa ko hannun mai ita?

Nura: Assalamu alaikum, masu sauraro barkanmu da war haka, daga nan Tudun Wadan Zariya. Yau muna tare da Malam Habu, ga kuma Sadiq ya iso a makare yana goge gumi.

Sadiq: Cunkoson PZ ne, ba halina ba ne.

Nura: To mun ji. Malam, bidiyon nan da aka tura zaurenmu na WhatsApp, na dattijon da ke farfasa faifan yumɓu a sama da fam-akshin, wato bindigar da ake jan mariƙinta baya da gaba don sake ɗuri, har yau gardamar ba ta mutu ba. Wasu sun ce an ƙara wa bidiyon gudu ne, wasu sun ce ai bindigar ce haka, ba ta taɓa cijewa.

Malam Habu: Wa'alaikumus salam. Duk ɓangarorin biyu sun kuskure. Ba a ƙara wa bidiyon gudu ba, hannun mutumin ne ya faɗa. Batun ba ta cijewa kuma, tana cijewa mana, sai dai yawanci ba daga ƙarfen ba ne. Lokacin da nake karatu a Amurka akwai kulob na harbin faifai a bayan gari, nakan bi abokai ranar Asabar. Duk sabon zuwa fam-akshin ake miƙa masa, don ita ce mai araha, kuma ita ce ba a jin tsoron a lalata.

Sadiq: Malam, fara mana daga yadda take aiki, don ni ƙarar nan kawai na sani, ƙaƙas-ƙaƙas, ta fim.

Malam Habu: Ƙarar nan ita ce aikin gaba ɗaya. A ƙarƙashin bakin bindigar akwai wani bututu da harsasai ke jere a ciki, ɗaya bayan ɗaya, sifirin na turo su. Mariƙin da hannunka na hagu ke kai, a jikin bututun nan yake zamewa. Idan ka ja kunama ta tashi, sai ka jawo mariƙin baya. Jan nan shi zai buɗe makullin, ya finciko kwanson da ya ƙone ya wurgar da shi gefe, ya kuma saki sabon harsashi ya faɗo kan wani ɗan cokali a ciki. Da ka tura gaba, cokalin ya ɗaga harsashin, a tura shi cikin baki, a kulle. Shi ke nan. Ba ruwanta da ƙarfin albarushin da ke cikin harsashin, damtsenka ne injin.

Nura: Ita kuma mai ɗura kanta fa?

Malam Habu: Yauwa, nan bambancin yake. Mai ɗura kanta tana aron ƙarfi ne daga harbin, ko dai iskar da albarushi ya fitar, ko kuma naushin da bindigar ke yi baya. To harsashin harbin faifai mara nauyi ne. Idan ƙarfin bai kai ba, ko ƴan ƙofofin iskar sun toshe da baƙin hayaƙi, sai ta tsaya maka a tsakiyar wasa. Fam-akshin kuwa, ka sa mata mai ƙarfi, ka sa mata mai sanyi, ka gwamutsa su a bututu ɗaya, duk za ta cinye, in dai tsawon harsashin bai wuce abin da aka rubuta a jikin bakinta ba. In an rubuta inci biyu da uku bisa huɗu, wato milimita 70, kada ka kuskura ka cusa mata na inci uku.

Sadiq: To ai kenan mutanen zaure sun yi gaskiya.

Malam Habu: Ka bari in kai ƙarshe mana, ɗan samari. Ka taɓa ganin ɗan koyo a kan keken ɗinki na ƙafa? Keken ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke, amma in ƙafar yaro ta rikice sai wilin ya juya baya, zare ya tsinke. Haka take. Na tsaya a bayan wani saurayi, faifai biyu aka sako masa tare. Ya fasa na farko, garin sauri ya ja mariƙin bai kai shi ƙarshe ba ya mayar gaba. Ya ja kunama, sai ƙas, shiru. Faifan ya sauka cikin ciyawa lafiya lau. Ya juyo da bindigar yana dubawa, mai kula da fili ya daka masa tsawa ya mayar da bakinta gaba. Da aka buɗe, tsohon kwanson ne ya koma ciki. Ba abin da ya sami bindigar. Dattijon da ke koya masa ya ce, ka ja ta kamar kana fushi da ita, har ka ji ta daki ƙarshe, sannan ka tura kamar kana rufe ƙofa da ƙarfi. Masu lallaɓa ta su take bai wa kunya.

Nura: Kenan ba ta son ladabi.

Malam Habu: Ko kaɗan. Kuma ka duba tarihinta. John Browning ne ya zana Winchester ta 1897. Aka zo aka yi Winchester Model 12 a 1912. Remington suka fito da 870 a 1950, kuma an ƙera fiye da miliyan 11, ka ji fa. Mossberg 500 ta biyo baya a farkon shekarun 1960. Abin da aka yi ta sarrafawa fiye da shekara ɗari, duk wani aibunsa an riga an gano an toshe. Ita 870 gidan injinta ƙarfe ne, ta Mossberg kuma alminiyom, ta fi sauƙin ɗauka, kuma maɓallin kariyarta a sama yake inda babban yatsa ke kaiwa, bahago ma ya ji daɗi. Akwai Ithaca 37, ita ta ƙasa take zubar da kwanso, ba ya gilma wa bahago ta fuska.

Sadiq: To in tana da kyau haka, me ya sa ban taɓa ganinta a Olamfik ba?

Malam Habu: Dokar hukumar harbi ta duniya, ISSF, ta cire ta. An yarda da mai baki biyu, an yarda da mai ɗura kanta, ban da fam-akshin. Ko da ma ba a hana ba, ba mai zuwa da ita. A gasar harbin faifai da ake kira sikit ana sako faifai biyu lokaci guda daga ɗakuna biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, su gitta juna. Faifan nan faɗinsa santimita 11 ne kacal, dalmar da aka yarda ka harba ba ta wuce giram 24 ba, kuma faifai 125 za ka harba kafin a tace masu zuwa zagayen ƙarshe. Mai baki biyu, ɗaya bisa ɗaya, kunama kawai zai sake ja. Kai kuma sai ka ja, ka tura, bakin bindiga ya girgiza, ka sake nemo faifan. A wajen da kuskure ɗaya ke mayar da mutum gida, wa zai ɗora wa kansa wannan?

Sadiq: Af, sikit ɗin nan ba shi ne wanda mutumin Kuwait ya ci tagulla sanye da rigar Arsenal ba?

Nura: Kai Sadiq, don Allah kada ka fara.

Malam Habu: Shi ne, Abdullah Al-Rashidi, a Riyo 2016. An dakatar da ƙasarsa a lokacin, bai fito da tutar Kuwait ba, sai ya sako rigar Arsenal, yana da shekara hamsin da ɗoriya.

Sadiq: Ka ji ko! Rigarmu ta hau mumbarin Olamfik. Ku ƴan Manchester ku nuna mana taku.

Nura: Tagulla fa ya ci. Na uku. Ai ya bi al'adar gidan.

Sadiq: Hassada ce. Ya sake cin wata tagullar a Tokyo.

Nura: Ka ga ni, sau biyu na uku. Da rigar Madrid ya saka da zinare ya ɗauko.

Sadiq: Wallahi Malam ka shiga tsakaninmu. Mutumin da kulob ɗinsa ke canza koci kamar ana canza limamin tarawihi...

Malam Habu: Ni ba ruwana, ban san ƙwallo ba tun da na daina zuwa kallon Ranchers Bees a Kaduna.

Sadiq: Kai Malam, ashe kai tsohon hannu ne!

Nura: Jama'a mu dawo. Masu sauraro za su ce bindiga muka yi musu alkawari. Malam, kenan ba ta da wuri a gasa?

Malam Habu: Tana da shi sosai, ba dai Olamfik ba. A gasar taraf irin ta Amurka, inda faifai ɗaya ake sakowa yana gudu daga gabanka, harbi ɗaya za ka yi, to saurin ɗuri bai shigo ba. Mutane da yawa da 870 suke zuwa, suna kuma doke masu bindigar da kuɗinta ya ninka tasu sau da yawa. Sannan akwai gasar IPSC, wadda ake gudu daga shinge zuwa shinge ana kayar da farantan ƙarfe, agogo na ƙirga. Su sun ware mata rukuninta daban, mai hannu ya kara da mai hannu. A can ma ba harbin ke cin lokaci ba, cusa harsasai cikin bututu ne. Za ka ga mutum ya kifa bindigar, ya damƙo harsasai biyu ko huɗu daga ɗamararsa ya zura su da tafin hannu ɗaya. Wannan ne abin kallon.

Sadiq: Kafaɗa fa? An ce tana naushi.

Malam Habu: Tana yi. Mai aiki da iska tana shanye wani ɓangare na naushin, ita kuwa duka take miƙa maka. Harbi biyar ba komai ba ne, amma ka yi ɗari a yini da geji 12, wato mai faɗin baki, gobe ɗaga buta ma sai ka ji a jikinka. Shi ya sa ake ba yara da masu ƙaramin jiki geji 20, wadda bakinta bai kai na geji 12 faɗi ba. Kuma in ba ka manna gindinta da kyau a kafaɗa ba, kumatunka a kan katakon, za ka fara runtse ido tun kafin ta tashi, daga nan saiti ya tafi. Toshin kunne da tabarau kuwa ba a shiga fili sai da su.

Nura: A yanayinmu na nan fa, ƙurar hunturu da danshin damina?

Malam Habu: Ƙura ba ta cika damunta ba, in ba ka cika ta da mai ba. Mai da yawa shi ke kama ƙura ya zama kwaɓa. Tsatsa ce abokiyar gaba, a goge, a shafa mai kaɗan. Amma Nura, duk wannan hirar ta can ce fa. Kada wani ya ji mu ya tafi neman ta.

Nura: Dama nan nake son mu zo.

Malam Habu: Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su gida uku. Bindigar gargajiya da ake ɗurawa ta baki, irin ta maharba da wadda ake bugawa a hawan sallah, kwamishinan ƴan sanda na jiha ke ba da lasisinta. Mai baki ɗaya ko biyu, wannan izinin Sufeto Janar ne. Amma dokar ta fitar da duk wadda ke da na'urar sake ɗuri daga wannan rukunin, to fam-akshin ta faɗa cikin haramtattu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Kun tuna 2017, kwastam sun kama guda 661 a Legas a watan Janairu, suka sake kama 440, suka sake kama 1,100 a tashar Tin Can. A 2018 Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umarnin a tattara irinsu daga hannun jama'a. Da halin da ake ciki a hanyar Birnin Gwari da Giwa, ba wanda zai tsaya jin bayaninka na faifan yumɓu.

Sadiq: Kenan mu da Depot na horar da kuratan soja a gari, da makarantar soja, sai dai mu ji ƙara daga nesa.

Malam Habu: Filin soja na soja ne. Abin da ya kamata a yi shi ne kulob mai rajista, bindigogin suna ajiye a ma'ajiyarsa, ka zo ka yi wasa ka tafi hannu rabbana, kamar yadda...

Nura: Malam, a gafarce ni, an fara kiran magariba, ga shi mun yi wa masu sauraro alkawarin karanta saƙonni. Sai mako mai zuwa. A taƙaice, a saya ko kada a saya?

Malam Habu: A saya a ina? Yanzu fa na gama gaya maka doka.

Sadiq: Yana nufin wanda ke waje, Malam.

Malam Habu: Wanda ke waje ya fara aron ta kulob tukuna. Kuma batun mai baki biyu ban gama ba, don akwai abin da...

Nura: Mako mai zuwa, Malam. Sadiq, kashe na'urar. Wassalamu alaikum.