Wai turaren hammata ke kawo kansar mama? Yau raina ya ɓaci

Assalamu alaikum 'yan uwana mata, har da mazan da ke leƙowa. Ku yi haƙuri da fuskata, yau raina a ɓace yake. Ina hanyar dawowa daga aiki na buɗe waya, sai ga saƙon murya a rukunin danginmu, wata mata tana rantse-rantse wai duk mai shafa turaren hammata ta sayi kansar mama da kuɗinta. Ban kai gida ba ƙanwata ta kira ni murya na rawa. Ta kwashe nata kaf ta zuba a shara, jiya ko runtsawa ba ta yi ba. Ni kuma ga ni a wata uwa duniya, babu halin in je in riƙe hannunta in ce ke Auta, kwantar da hankalinki. Irin wannan ranar ce zaman waje yake yi mini ɗaci wallahi.

Maganar nan fa tsohuwa ce. Tun wajen 1999 take yawo a saƙonnin imel, yanzu an sake mata riga ta dawo ta WhatsApp. Cewa suke yi turaren yana hana gumi fita, sai guba ta rasa hanya ta taru a kaluluwar hammata, daga nan ta zama kansa. Haba jama'a! Hanta da ƙoda su ne Allah ya ɗora wa aikin tace dattin jiki. Gumi kusan duk ruwa ne da ɗan gishiri, aikinsa sanyaya jiki. Kaluluwa kuwa ba ta da wata hanya da ta haɗa ta da ƙofofin gumi, ballantana a ce an toshe ta.

Bari in matso da turarukan hammatan nan iri biyu kusa ku gani. Wannan na hannun dama mai kashe wari ne kawai. Shi gumi ba ya wari da kansa, sai ƙwayoyin bakteriya na fata sun ci shi sannan tsami ya tashi, to su yake ragewa, ya ƙara da ƙamshi. Wannan na hagu shi ne mai hana gumi. Ku duba bayansa, ga shi nan an rubuta alminiyam da ƙananan haruffa. Gishirin alminiyam ɗin yana haɗuwa da gumi ya yi ɗan toshi a bakin ƙofar, na ɗan lokaci, wanka da sauyawar fata su tafi da shi. Duk rigimar a kan na hagun nan ake yin ta.

Kuma kar ku ɗauka masana ba su waiwayi zancen ba. A 2002, a cibiyar binciken kansa ta Fred Hutchinson da ke Siyatil a Amurka, an ɗauki mata 813 masu kansar mama da 793 marasa ita, aka bi su da tambayoyi: kina shafawa, wane iri, kina shafawa da kin gama aski? Ba a ga bambanci ba. Binciken da masu saƙon murya suka fi riƙewa shi ne na 2004, na Philippa Darbre a jami'ar Reading ta Ingila, inda aka sami sinadarin faraben, wanda ake sa wa kayan shafa don kar su lalace, a ƙari 18 cikin 20 da aka ciro daga mama. Ashirin kacal, ba a kwatanta da naman masu lafiya ba, ba a kuma gano ta ina faraben ɗin ya shiga ba, tun da yana cikin mayuka da kayan kwalliya iri-iri. Yawancin turarukan hammata na yanzu ma babu shi a ciki.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai binciken ƙasar Ostiriya a 2017 da ya ce matan da suka ce suna shafawa sau da yawa a rana tun ba su kai talatin ba, an fi samun cutar a cikinsu. Amma a kan tunawa aka gina shi. Ki tambayi macen da ciwo ya riga ya kama me take shafawa shekara ashirin baya, zuciyarta na neman dalili, dole ta fi mai lafiya tono. Jamusawan nan da ba sa wasa da irin wannan, hukumarsu ta auna haɗari ta taɓa yin gargaɗi kan alminiyam a 2014. Da aka sake aunawa, a 2020 ta fito ta ce abin da ke ratsa fata kaɗan ne ƙwarai, bai kama ƙafar wanda muke ci a abinci ba. Cibiyar kansa ta ƙasar Amurka da ƙungiyar binciken kansa ta Birtaniya, Cancer Research UK, duk bakinsu ɗaya: babu gamsasshiyar hujja.

Na san inda jita-jitar take samun gindin zama, don na gani da idona. Da aka kira ni hoton mama, wanda ake ɗauka a asibiti don neman alamar kansa, a takardar an rubuta kar a shafa komai a hammata ranar. A ɗakin canza kaya ma ga tsumma mai laima an ajiye cikin 'yar leda, don wadda ta manta ta goge. Ni kun san ba na barin tambaya a cikina, sai na ce wa mai ɗaukar hoton, 'yar uwa, wannan fa? Ta juyo da allon ta nuna mini irin fararen ɗige-ɗigen da suke nema, ƙanana kamar an barbaɗa gishiri. Ta ce ɓurɓushin alminiyam haka yake fitowa a hoto, sai a ɗauka alamar ciwo ce a sake kiran mutum a tayar masa da hankali a banza. Shi ke nan dalilin. Wata ta ji rabin zancen ta fita da shi.

Haka batun wai ciwon ya fi fitowa ta gefen hammata. Gaskiya ne, amma ai nan ne naman maman ya fi yawa.

Wani abin da ke ƙona mini rai, masu sayar da kaya sun gano tsoron nan kasuwa ne. Kanta guda a kanti, an rubuta na gargajiya, babu sinadari, kuɗinsa ya ninka na kullum. Ki ɗauki wannan farin dutsen da suke tallatawa ki karanta. Alif ne. Alif kuwa gishirin alminiyam ne shi ma. Kin gudu kin biya tsada, kin dawo inda kika baro.

In gargaɗi kuke so, ga nawa. Mai ciwon ƙoda da ya yi nisa ta tambayi likita kafin ta shafa mai hana gumi, a Amurka ma dole ne a rubuta haka a jikin kwalbar, domin ƙodarta ba ta iya fitar da alminiyam yadda ya kamata. Kar ki shafa a kan yankan reza ko ƙuraje, zafi da ƙaiƙayi za ki sha. Kuma ki riƙa sauraron sanarwar janye kaya. A 2021 an janye wasu na fesawa na Old Spice da Secret saboda an sami wani sinadari da ake kira benzin a ciki, wanda ke da alaƙa da kansar jini. Wannan gurɓata ce aka samu a gwangwanayen fesawa, kamfanin da kansa ya sanar, daban take da zancen mama.

Abin da ya fi yi mini ciwo, an bar jaki ana dukan taiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano da kansar mama, 670,000 suka rasu. Kusan rabin masu kamuwa babu wani dalili da za a nuna illa su mata ne kuma shekaru sun ja. Sauran akwai gado, irin su matsala a ƙwayoyin halittar da ake kira BRCA1 da BRCA2, akwai ƙiba bayan daina al'ada, giya, rashin motsa jiki. Shayarwa tana ragewa. Maza ma suna kamuwa, ko da yake kaɗan ne. Sai mace ta jefar da turare ta ce ta tsira, alhali wata shida tana jin ƙullutu tana ɓoyewa saboda kunya, ko saboda ba ya ciwo. Yawancinsa da farko ba ya ciwo, ku ji ni da kyau.

Don Allah ki san jikinki. In kin ji ƙullutu a mama ko a hammata, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fatar ta lotsa ko ta yi kauri, ko ɓari ɗaya ya sauya girma, ki je asibiti a makon nan, kar ki jira mai saƙon murya ta ba ki izini. Yawancin ƙullutu ba kansa ba ne, amma likita ne zai faɗa miki haka. In akwai wadda ta yi a danginku, uwa ko 'yar uwa, ki gaya masa tun bai tambaya ba. A Ingila daga shekara 50 suke aiko takardar hoto duk bayan shekara uku, a Amurka shawarar 2024 ta ce a fara daga 40. In takardarki ta zo kar ki tura ta ƙarƙashin katifa, ki je, ranar kawai ki bar hammatarki babu komai.