Babur ɗin Gari: Ƙafa da Birki Kafin Ƙarfin Inji

Dubi titin nan da yamma. Mota gaba, mota baya, a tashi, a tsaya, a sake tashi. A nan babur ɗinka zai ƙare rayuwarsa, saboda haka kada gudun da aka rubuta a takarda ya ruɗe ka.

Inji mai cc 110 zuwa 150 (cc shi ne ma'aunin girman inji) ya wadatar a gari. Honda Super Cub ya fito a 1958 da ɗan inji mai cc 50 kacal, zuwa 2017 an ƙera sama da miliyan 100. Sauƙin sarrafawa ne ya kai shi can.

In ka je sayen babur, kafin ka tambayi komai, hau ka zauna. Sauke ƙafafunka. Sun taka ƙasa sosai, ko ɗage kake yi da 'yan yatsu? Yanzu karkata shi kaɗan gefe, ka ji nauyinsa a cinyarka. Tura shi baya kana zaune, kamar za ka fita daga tsakanin motoci biyu. In ya ba ka wuya a nan, inda babu mai yi maka hon, a cikin cunkoso sai abin ya fi haka. Wannan gwajin ya fi duk abin da mai sayarwa zai faɗa maka.

Sai kuloci. Matse shi a cunkoso yana gajiyar da hannun hagu. Sukuta, wato babur da ba a sauya masa giya, ba ta buƙatar matse kuloci, sai dai da yawansu ƙananan tayoyi gare su, inci 10 ko 12, kuma rami ba ya raga musu. In titunanka sun lalace, nemi mai taya inci 17.

Birki kuwa, ina roƙonka kada ka yi rowa a kansa. Yaro ya faɗo titi, ka damƙe birkin gaba a firgice, taya ta kulle, sai ƙasa. Tsarin birki da ake kira ABS shi ke hana tayar kullewa, yana saki yana kamawa da saurin da hannu ba zai iya ba. Tun 2019 Indiya ta wajabta shi ga sababbin baburan da suka haura cc 125. In babu shi, aƙalla ka samu birkin faifai a gaba.

Kuma kafin ka biya, tambayi bakanike: kayan gyaransa suna samuwa kuwa?