Amsoshin Tambayoyinku: Fis Ɗin Jirgina Na Ta Ƙonewa

Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka. Yau wasiƙun masunta ne suka cika mana jaka, shi ya sa muka gayyato Usta Garba, wanda ya daɗe yana gyaran wutar jiragen ruwa a Bur Sudan.

Wasiƙa ta farko daga Malam Isiyaku ce, a Mai Wurno kusa da Sinnar. Ya ce: "Fis ɗin fitilar kwalekwalena ya ƙone sau uku a mako guda. Abokina ya ce in naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin taba. Na naɗe, fitila ta kama, amma ina jin ƙaurin roba." Usta, bismillah.

Usta Garba: Malam Isiyaku, don girman Allah tura yaro ya ciro takardar nan tun kafin mu gama magana. An sayar da kare ne an sayi biri. Ƙaurin da kake ji rigar wayarka ce ke narkewa, ga kuma tankin fetur a gefe. Shi fis maigadin waya ne. An yi shi siriri da gangan, don idan wuta ta yi yawa shi ya tsinke, waya ta tsira. Ya tsinke sau uku, wato sau uku yana faɗa maka akwai ɓaraka.

Fara da lissafi. Raba wat ɗin fitila da ƙarfin batir. Fitila mai wat 60 a batir mai bolt 12 amfiya 5 take sha, wato yawan wutar da take ja ke nan. In ka ƙara biyu irinta a layi ɗaya ya zama amfiya 15, fis mai amfiya 10 ba zai ɗauka ba. Irin fis ɗin mota mai ƙafa biyu da launi ake gane shi: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Amma kada ka ce bari in sa kore in huta. In wayar siririya ce, ita za ta riga fis ƙonewa. Gara ka raba fitilun layi biyu.

In kuwa lissafi daidai yake, to waya ce ta goge a wani wuri tana taɓa 'yar'uwarta. Ga dabarar da muke yi: cire fis, ka jona ƙaramin ƙwan fitila mai bolt 12 a gurbinsa, ka kashe duk makunnai. In ƙwan ya haskaka, wuta na zurarewa. Sai ka bi wayar da hannu kana girgiza ta gaɓa-gaɓa, idonka na kan ƙwan. Inda ya mutu ko ya yi ƙifta-ƙifta, nan ɓarawon yake. In bai kama ba sam, matsalar tana gaba da makunni, sai ka duba daga nan zuwa fitila. Yawanci a ƙarƙashin benci nake samu, ko inda ake jan koma tana gugar waya. Akwai ranar da na wuni ina nema, ashe ƙugiya ce ta soki waya a bayan akwatin ƙanƙara, hudar ba ta kai ƙwayar gero ba.

Mai gabatarwa: To, Malam Isiyaku ka ji. Sai Alhaji Ɗanjuma daga Sawakin. Ya ce batirinsa sabo ne fil, amma fitilu dishi-dishi, in ya murɗa makulli sai inji ya yi "ƙas" ya tsaya.

Usta Garba: Alhaji, Allah ya ƙara girma, ban ga laifin batir ba tukuna. Gishiri nake zargi. Ruwan Bahar Maliya yana da gishiri wajen giram 40 a kowace lita, ya ɗara na yawancin tekuna, ga zafi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: da zarar rigar waya ta tsage, danshi ya shige, tagulla ta fara ci daga ciki. Daga waje lafiya lau, in ka fere sai ka ga baƙi ko kore kamar gansakuka. A yanke har sai an kai inda take ja tana sheƙi.

A ari mitar gwajin wuta a auna. Batirin da ya cika, yana hutawa, zai nuna wajen bolt 12.6. In ya sauko 12, ya yi ƙasa sosai. Inji na aiki kuma a ga tsakanin 13.8 da 14.4, alamar caji na shiga. In waɗannan sun yi, a kwance kawunan batir, a fara da na baƙar waya, a wanke da sodar burodi da ruwa, a goge su tas, a ɗaure tamau, a shafa giris. Ban da taba a wurin, batir na fitar da iska mai kamawa. Kuma in za a sake waya, a guji ta gida mai ƙwaya ɗaya, girgizar inji karya ta take yi. A nemi mai silli-silli, in da hali wadda aka yi wa rufin kuza. Da tsada kam, amma ita ke jure teku.

Mai gabatarwa: Lokaci na hararar mu. A gaggauce, Sani daga Rusairis ya ce da ya kunna famfon kwashe ruwa sai fis ya tafi.

Usta Garba: Sani ɗana, buɗe gindin famfon ka duba farfela. Zaren fatsa ko ɓawon kifi ne ya shaƙe ta, famfo na ta yunƙuri yana jan wutar da ta fi ƙarfin fis. Tsince shi ka gwada. Ka kuma duba inda babban fis ɗinka yake. Wurinsa a kan jar waya dab da batir, kada ya wuce taƙi guda, domin duk wayar da ke tsakaninsa da batir ba ta da mai tsaro.

Mai gabatarwa: Mun gode Usta. Masunta na Kosti da Jabal Auliya, wasiƙunku sun iso, da su za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu.